Sababbin Na'urorin Haƙori Sun Sauka Nassarawa: Yaushe Za Su Iso Ga Talaka?

Jama'a, ciwon haƙori ba ya tambayar mutum nawa ne cikin aljihunsa kafin ya kama shi. Ya kan kama mai gidan bene, ya kan kama ɗan dako a Kantin Kwari, kowa cikinsu kuwa ba ya runtsawa in abin ya motsa da tsakar dare. Bambanci sai gari ya waye ya kan fito. Ɗaya ya shiga mota ya nufi Nassarawa, inda za a ɗauki hoton haƙorin a nuna masa a allo tun bai gama gyara zama ba. Ɗaya kuwa ya sayi kanumfari da ƙwayar rage zogi a kemis, ya naɗe kunci da rawani, ya koma bakin tebur yana ciniki da rabin baki, har ran da fuska ta kumbura a nemo wanzami.

Maganar da za mu yi a wannan mako ke nan. Asibitocin haƙori masu zaman kansu sun soma barin takarda da fim suna komawa kwamfuta. Mu dai ra'ayinmu a fili ya ke: muna murna da wannan ci gaba, muna kuwa so ya yaɗu. Amma muna da sharuɗɗa, domin mun sha ganin sabon abu ya zo da sunan sauƙi, daga baya a wayi gari talaka ne ya biya kuɗinsa, wani ne ya sha romonsa.

Wanda ya san tarihin Kano ya san yadda Nassarawa ta samo asali. Bayan da Turawa suka ci garin a 1903, sai suka keɓe wa kansu unguwa a wajen ganuwa, mai faɗin tituna da inuwar itatuwa. Asibitin da ke cikinta nasu ne da na manyan ma'aikata, talaka kuwa nasa na birni, wanda a yau mu ke kira Asibitin Murtala. An sami mulkin kai a 1960, an buɗe ƙofa, asibitin Nassarawa ma yau sunan Muhammad Abdullahi Wase ya ke ɗauke da shi, kowa na iya zuwa. Amma al'adar nan ba ta mutu ba: duk abin da ya ke sabo mai kyau, can ya kan fara sauka. Ba mu ce laifi ne ya sauka can ba, ai dole ya sauka a wani wuri. Tambayarmu ita ce, in ya sauka, zai ƙetaro Ƙofar Nassarawa ya shigo gari, ko kuwa can zai tare?

MENE NE WANNAN SABON ABU?

Kafin mu yi gardama a kan abu, ya kamata mu san shi. Abubuwa huɗu ne a ke nufi in an ce asibitin haƙori ya koma kwamfuta.

Na farko shi ne kati da fayil. Kowa ya san wahalar da ke cikin neman fayil a asibiti: ka zo tun asuba, a ce ba a gani ba, ka sake yankan kati, likita ya sake tambayarka abin da ka faɗa bara. In an sa bayanin cikin kwamfuta, da an buga sunanka ko lambarka sai komai ya fito, da haƙorin da aka cike, da maganin da jikinka ba ya so, da ko kana da hawan jini ko ciwon suga, waɗanda tilas likita ya san da su kafin ya cire maka haƙori. Ita ce kuma ke aiko maka saƙo ta waya ta tuna maka ranar dawowa.

Na biyu shi ne hoto. A 1895 ne Bajamushen nan Röntgen ya gano hasken da ke ratsa nama ya nuna ƙashi. A farkon 1896 wani likitan haƙori a Jamus mai suna Otto Walkhoff ya ɗauki hoton haƙoran kansa, sai da ya yi minti 25 yana jiran hasken ya kama. Daga nan har kusan shekara 90 da fim a ke aiki, a shiga ɗaki mai duhu a wanke shi da ruwan magani a shanya. A 1987 aka fitar da na'urar wani likitan haƙori na Faransa, Francis Mouyen, wadda ba ta bukatar fim. Wani ɗan allo ne ƙarami a ke sawa cikin baki, a haska, nan take hoton ya fito a kwamfuta. Hasken da ke shiga jikin mutum bai kai na tsohon fim ba, ana iya faɗaɗa hoton, kuma mai haƙorin da kansa zai ga kogon da a ke faɗa masa. Gani ya kori ji.

Na uku shi ne awo. Duk wanda aka taɓa yi wa haƙorin roba ya san wannan kwaɓin da a ke cika baki da shi har mutum ya ji kamar zai amayar, sa'an nan a zuba farar ƙasa a ciki a fitar da siffar baki. Yanzu akwai wata na'ura mai kama da alƙalami mai kauri, da ɗan madubi a bakinta. A kan zagaya da ita kan haƙora tana ɗaukar hotuna masu ɗimbin yawa, kwamfuta ta harhaɗa su ta fitar da siffar bakin gaba ɗaya, ana juya ta a allo ta kowane gefe.

Na huɗu shi ne ƙira. Da wannan siffa a ke zana hular da za a sa wa haƙorin da ya lalace, sa'an nan a tura zanen ga wani inji ya sassaƙa ta daga ɗan dunƙulen tangaran, ko kuwa ga wani injin da ke gina abu hawa-hawa da ruwan roba har ya tashi. Wannan ma ba jiya aka fara ba. A 1985 aka yi wa mutum na farko irin wannan aiki a Jami'ar Zurik ta ƙasar Suwizalan, da injin da Werner Mörmann da Marco Brandestini suka ƙera, wanda a ke kira CEREC. Watau abin da mu ke kira sabo, shekara 40 ke nan ana aiki da shi a wasu wurare.

AMFANINSA GA ƊAN KASUWA

Ba wanda ya san darajar lokaci kamar mai rumfa. Ma'aikacin ofis in ya je asibiti albashinsa na nan. Mai sayar da atamfa a Kwari, ko mai awon hatsi a Dawanau, ko mai tebur a Singa, ranar da ya rufe rumfa ranar ba shi da ko sisi, ga kuɗin mota, ga cefane na jira. A tsohuwar hanya, mai son hular haƙori sai ya zo a yi awo, a aika ma'aikata, ya jira mako ɗaya ko biyu, ya dawo a gwada, in ba ta zauna ba a sake. A sabuwar hanya ana iya gama aikin a zama ɗaya. Kwana biyu ko uku na kasuwa da aka tsirar wa mutum kuɗi ne, ko da ba a rubuta su cikin rasit ba.

Kada kuma wani ya ce mana talaka ba zai iya da kwamfuta ba. A farkon 2023, sa'ad da aka sauya fasalin naira takardun kuɗi suka ɓace, wa ya koya wa mai shayi da mai kayan miya karɓar taransifa? Cikin 'yan makonni kasuwa ta koya wa kanta. Teloli kuma sun ga yadda injin aikin wuya na kwamfuta ya shigo, abin da a ke kwana da kwanaki a kansa ya koma na sa'o'i. Zamani riga ne, mutanenmu ba su taɓa ƙin sa shi ba in sun ga amfani.

TO, INA ABIN TSORO?

Abin tsoro na farko kuɗi ne. Ba ko ɗaya cikin waɗannan na'urori da a ke ƙerawa a Sharaɗa ko Bompai. Da dala a ke sayensu, na'urar awon baki dubban daloli ce, injin sassaƙa kuwa ya fi ta tsada nesa ba kusa ba. Dunƙulen tangaran da ruwan robar ma daga waje su ke zuwa, kuma da yawa cikin kamfanonin sai an riƙa biyansu kuɗin manhaja shekara-shekara. A watan Mayu na 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati wajen naira 460 ce. Kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 ta haura 1,500. Likitan da ya ci bashi ya sayi inji, bashin nan ba daga gadon ubansa zai biya ba, daga bakin marasa lafiya zai fito. A ƙasar nan kuwa fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da a ke kashewa kan lafiya daga aljihun mutane ya ke fita kai tsaye. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024 naira 71,000 ne, ɗan dako da mai talla kuwa ko wannan ba su da tabbacinsa.

Daga nan ne abin tsoro na biyu ke fitowa. Ku 'yan kasuwa kun san halin wanda ya sari kaya da tsada: kowa ya zo sai ya ce masa wannan ne ya dace da shi. Haka injin da aka saya da bashi ya kan matsa wa mai shi ya nemo masa aiki. Haƙorin da ciko kaɗai zai wadatar sai a ce sai hula. Wanda ɗan ƙaramin hoto zai isa sai a ce sai babban hoton nan da ke zagaya kai ya nuna muƙamuƙi ta kowace fuska, alhali haskensa ya ninka na ƙaramin sau da yawa, kuɗinsa ma haka. Ƙa'idar likitoci a duniya ita ce ba a haska mutum sai da dalili. Ba mu ce likitocinmu macuta ba ne, yawancinsu mutanen kirki ne da suka zaɓi zama gida alhali abokan karatunsu sun tafi Ingila da Saudiyya. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, aikin hukuma kuwa shi ne ta liƙe tsagar tun kafin a kai ga haka.

Na uku wuta. Kwamfuta ba ta san haƙuri ba. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wutar layin da a ke kira Band A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane ma'auni, bisa alkawarin sa'a 20 a rana. A watan Oktoba na 2024 Kano da yawancin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu, saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Asibitin da ya jefar da takarda, ba shi da sola ba shi da batir, ran da aka ɗauke wuta ya zama makaho, bai san wa ya zo ba balle abin da aka yi masa. Ga ƙurar hunturu da zafin bazara, waɗanda masu ƙera injin a Turai ba su yi lissafi da su ba. In ya lalace kuma wa zai gyara? In sai an jira injiniya daga Legas ko an aika wani ƙarfe daga Dubai, to, wata guda inji na kwance, majinyaci na zirga-zirga.

Na huɗu asiri. Fayil ɗin takarda sai ɓarawo ya shiga ɗaki kafin ya sace, kuma ɗaya-ɗaya zai ɗauka. Na kwamfuta kuwa ana iya kwashe na mutum dubu cikin minti guda, mai kwashewar yana wata ƙasa. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja da a ke kira WannaCry ta kulle kwamfutocin asibitocin gwamnati a Ingila, aka soke ganin likita kimanin 19,000. In gemun Ingila ya kama wuta, mu sai mu shafa wa namu ruwa. Akwai kuma wata sata da ba a kiranta sata: a ɗauki hoton bakin mutum kafin aiki da bayan aiki, a sa a Facebook ko Instagram don talla, ba a tambaye shi ba. Matar aure ta je gyaran haƙori, ta wayi gari rabin fuskarta na yawo a wayoyin unguwa. Wannan cin amana ne, kuma doka ta hana.

Ku san haƙƙinku, jama'a. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin majinyaci asiri ne. Takardar Haƙƙoƙin Majinyata da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ta ce mutum na da ikon a bayyana masa kuɗin magani dalla-dalla, yana kuma da ikon ganin bayanansa. Dokar Kare Bayanai da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta sa bayanin lafiya cikin masu bukatar tsaro na musamman, ta ba mutum ikon neman kwafin abin da aka ajiye a kansa, ta kuma ce in an yi satar da za ta iya cutar da mutane a sanar da hukuma cikin sa'a 72. Dokoki dai ga su nan a rubuce. Abin da ya rage shi ne mutane su san da su, hukuma kuma ta bi sawu.

SHAWARA GA LIKITOCI

Ba a fara gini daga rufi. Likitan da ke son komawa kwamfuta, muna ba shi shawara ya bi abin daki-daki. Ya fara da tukunyar nan mai tururi da ke dafa kayan aiki, ya tabbata tana aiki kullum, domin ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki ta ƙarfen da ba a dafa ba su ke iya bi su shiga mutum, kuma ba kwamfutar da za ta hana wannan. Asibitin da ke da allo mai sheƙi amma tukunyarsa ta mutu, gara ma rumfar wanzami, don shi wanzami bai yaudari kowa ba. Bayan wannan sai wuta mai ɗorewa. Sa'an nan fayil, tare da ajiye kwafi a wani wuri dabam kowace rana. 'Yan kasuwar Sabon Gari ba su manta gobarar watan Maris na 2016 ba, wadda ta cinye dubban shaguna. Wanda littafin bashinsa guda ɗaya ne tak, kuma cikin shagon ya ke, ya yi hasara biyu. Sai an gama da waɗannan a zo ga hoto, daga nan na'urar awo.

Injin sassaƙa kuwa ba kowane asibiti ya kamata ya saya ba. Ai ba kowace mai tuwo ke da injin niƙa a ɗakinta ba, unguwa guda inji guda, kowa ta kai ta biya. Tun da siffar baki ta zama saƙon da a ke turawa ta intanet cikin minti kaɗan, likitoci goma na iya haɗa kai da ma'aikata ɗaya, a auna a Gwale ko Tarauni ko Wudil, a sassaƙa a wuri guda, ɗan aike ya kawo. Inji ya sami aikin da zai biya kuɗinsa, farashi ya sauko, ba wanda bashi zai tura shi ya yi wa mutum aikin da bai kamata ba.

Kada kuma a manta da ma'aikata. Masu ƙera haƙorin roba da hannu sun yi shekaru suna koyon sana'arsu, su ne suka san yadda haƙori ke haɗuwa da ɗan'uwansa in an tauna. A koya musu zane a kwamfuta, kada a sallame su a ɗauko yaron da ya iya danne-danne amma bai taɓa riƙe haƙori ba. Haka masu ba da kati da masu taimakon likita, a ba su horo kafin ranar da za a ɗauke takarda, ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu har manhajar da ke karanta hoton haƙori da kanta an fitar, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irinta a 2022. To, madalla, ta zama ido na biyu. Amma wanda ya yi rantsuwa, wanda Majalisar Likitoci ta Nijeriya ta ba lasisi, shi ne zai yanke hukunci, shi ne kuma za a tuhuma in an yi kuskure. Ba za mu yarda a ce mana kwamfuta ce ta ce ba.

WAƊANDA BA SU SAN HANYAR NASSARAWA BA

Duk abin da muka faɗa a sama maganar wanda ya iya kai kansa asibiti ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022 kusan mutum biliyan 3.5 ke fama da cututtukan baki da haƙori, uku cikin kowane huɗu kuwa a ƙasashe masu ƙarami ko matsakaicin arziki su ke. A Nijeriya likitocin haƙori 'yan dubbai kaɗan ne ga mutum fiye da miliyan 200, kuma yawancinsu a manyan birane su ke. Jihar Kano na da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. Ku tambayi kanku, cikin waɗannan nawa ne mutum zai tashi da ciwon haƙori ya ga likitansa a ranar?

Akwai cutar da ke nuna tsananin wannan rashi, watau zaizayar baki, wadda likitoci ke kira Noma. Yara ta fi kamawa, 'yan shekara 2 zuwa 6, waɗanda yunwa ko ƙyanda ta raunana. Da ɗan kumburin dasashi da warin baki ta ke farawa, a wannan lokaci kuwa maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai kyau sun isa su tsayar da ita. In an bar ta, cikin 'yan kwanaki sai ta huda kunci ta ci leɓe da hanci. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1998 ya ce yara 140,000 ke kamuwa kowace shekara, tara cikin goma kuwa su kan mutu in ba a yi magani ba. A Sakkwato akwai asibiti musamman don wannan cuta tun 1999, ƙungiyar likitocin nan ta MSF na taimaka masa tun 2014. Nijeriya ce ta jagoranci roƙon da ya sa a watan Disamba na 2023 aka sa cutar cikin jerin cututtukan da duniya ta yi sakaci da su.

To, ga inda fasahar zamani za ta yi aikin da ya fi sassaƙa hula. Wayar da ke hannun ma'aikacin lafiya a ƙaramin asibitin ƙauye tana ɗaukar hoto. In an koya masa ya riƙa buɗe bakin kowane yaro da aka kawo, ya ɗauki hoton dasashin da bai yarda da shi ba, da izinin iyaye, ya tura wa likitan haƙori a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko wani babban asibiti, a ba shi amsa a ranar, to, da an tsirar da fuskoki da rayuka da kuɗin da bai kai na inji guda ba. Wannan ma komawa kwamfuta ne, kuma shi ne wanda ya fi shafar talaka.

ABIN DA MU KE NEMA

Saboda haka muna kira ga hukuma da likitoci da waɗannan abubuwa:

1. Hukumar Kula da Asibitoci Masu Zaman Kansu ta Jihar Kano, watau PHIMA, ta tilasta wa kowane asibitin haƙori ya liƙa farashinsa a bango da Hausa, na cirewa da na ciko da na wanki da na hoto da na hula, a kuma ba mutum lissafi a rubuce kafin a taɓa bakinsa. A kasuwa ma sai an yi ciniki a ke ɗaure kaya.

2. Duk wanda aka ɗauki hoton haƙorinsa a tura masa kwafi a wayarsa ko a buga masa, ba tare da wani sabon kuɗi mai nauyi ba, don in ya je wani asibiti kada a sake haska shi a sake cajinsa.

3. Kowace na'urar haska haƙori ta kasance da rajistar hukumar tarayya mai kula da irin wannan haske, watau NNRA, a kuma riƙa duba ta a kan kari.

4. Gwamnatin jiha ta sa hoton zamani da fayil na kwamfuta da sola a sassan haƙori na manyan asibitocinta, na birni da na ƙauye, ta kuma ware kuɗin gyara cikin kasafi tun ranar saye. Mun gaji da injin da a ke yanke masa ƙyalle gaban 'yan jarida, bayan wata shida a lulluɓe shi da zane.

5. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, watau KSCHMA, ta je kasuwanni ta zauna da shugabannin 'yan kasuwa, ta bayyana musu wane aikin haƙori ke cikin tsarinta, wane ne ba ya ciki. Dokar tarayya ta 2022 ta ce inshorar lafiya wajibi ce ga kowa; in wajibi ce, to, haƙori ma jiki ne.

6. Tsangayar koyon likitancin haƙori ta Jami'ar Bayero da makarantun koyon aikin lafiya na jiha su koyar da waɗannan na'urori, a kuma horar da samarinmu gyaransu. Yaran da ke farfaɗo da matacciyar waya a kasuwar Farm Centre ba za su kasa wannan ba in an nuna musu.

Ku kuma 'yan'uwa talakawa, naku aikin na nan. In likita ya ce sai hoto, ku tambaye shi dalili, mace mai juna biyu kuwa ta faɗa tun kafin a fara. In ya ce sai hula, ku tambaya ko ciko zai yi, nawa ne wannan nawa ne wancan. Ku ce a nuna muku a allo. Kada kunya ko kwarjinin wuri ya rufe muku baki, kuɗinku ne, haƙorinku ne, likitan kirki kuwa ba ya fushi da tambaya. Kada ku jira sai fuska ta kumbura, don kogon da aka kama da wuri kuɗinsa kaɗan ne. Ku rage wa yara alewa da lemon kwalba, ku riƙe asuwaki da buroshi da man goge baki safe da dare, ku riƙa leƙa bakin 'ya'yanku. Rigakafi ya fi magani, ya kuma fi shi araha.

Za mu sa ido mu ga wanda zai fara liƙa farashinsa a bango, da asibitin gwamnatin da zai fara tura wa talaka hoton haƙorinsa a waya. Wanda ya yi za mu yaba masa a wannan shafi, wanda ya ƙi kuma za mu sake tambayarsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara wa masu ita, amin.